Yadda Ake Shiga Gwajin Ɗanɗanon Sabon Askirim

Duk sabon askirim da ka gani a firizar kanti, akwai bakunan da suka riga naka taɓa shi tun bai da suna. Kamfani ba ya zuba kuɗi a injina da kwalaye da talla a kan zaton ma'aikatansa kawai. Sai ya tara irin mutanen da yake sa ran za su saya, galibi ɗari ko fiye, ya ba su su sha, su faɗi abin da suka ji. Wanda bai taɓa shiga ba yana ɗauka shan daɗi ne a kyauta. Daɗin kam yana nan, amma aiki ne mai ƙa'ida, kuma wanda bai san ƙa'idar ba yakan cika takarda da amsoshin da ba za su amfani kowa ba.

Masu ɗanɗana iri biyu ne, kuma ya kamata ka san inda kake. Akwai ƙwararru da aka horar wata da watanni, waɗanda aikinsu su auna zaƙi da maiƙo da ƙamshi kamar na'ura, ba ruwansu da so ko ƙi. Sananne a cikinsu shi ne John Harrison na kamfanin Dreyer's a Amurka, wanda kafin ya yi ritaya yakan ɗanɗana askirim da cokali mai ruwan zinariya saboda ba ya barin wani ɗanɗano a baki, har aka yi wa harshensa inshorar dala miliyan 1. Kai ba kujerarsa aka ba ka ba. An gayyace ka ne a matsayin mai saye, kuma abin da ake nema a wurinka shi ne abin da ƙwararren ba zai iya bayarwa ba: ya yi maka ko bai yi maka ba, za ka saya ko ba za ka saya ba.

Neman shiga

Masu shirya irin wannan gwaji su ne kamfanonin binciken kasuwa, da su kansu kamfanonin askirim da ke da rajistar masu ɗanɗana, da sassan kimiyyar abinci na jami'o'i. Za ka yi rajista, yawanci ta intanet, ka ba da shekarunka da lambar waya da irin abubuwan da kake saye, sannan ka jira. Gayyata ba ta zuwa kullum, don kowane gwaji da irin mutanen da yake nema.

Tun a nan ka buɗe ido. Gwajin gaskiya shi ke biyanka, ba kai ke biyansa ba. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin rajista, ko ya nemi lambar sirrin katinka na banki, ko ya ce zai turo maka kuɗi fiye da ladanka ka mayar masa da ragowa, ɗan damfara ne. Ka duba ko kamfanin yana da adireshi da lambar waya da za a kira a samu mutum.

In gayyata ta zo, tana tafe da tambayoyin tantancewa. Sau nawa kake shan askirim a wata? Wane iri? Kai ke saye ko saya maka ake yi? Kai ko wani na gidanku yana aiki a kamfanin abinci, ko na talla, ko gidan jarida? Yaushe rabonka da shiga irin wannan gwaji? Jarabar da ke kama mutane a nan ita ce su yi ta lalube suna neman amsar da za ta sa a ɗauke su. Wanda rabonsa da askirim tun bara sai ya rubuta sau uku a mako. Kada ka fara. Masu tsara tambayoyin sun san da wannan, shi ya sa suke maimaita tambaya ɗaya ta fuska biyu, wani lokaci ma su saka sunan kayan da babu shi a duniya su ga wa zai ce ya sha. In an kama ka, sunanka ya fita daga rajista. In ma ba a kama ka ba, ka zauna a kujerar wani, ka ba da ra'ayi a kan abin da ba kai za a sayar wa ba.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ta lafiya. A wurin gwaji ba kwali, ba jerin kayan haɗi da za ka karanta, kofi ne kawai da lamba. Askirim kuwa matattarar abubuwan da jikin wasu ba ya karɓa ce: madara, ƙwai, gyaɗa da danginta, waken soya, da alkama in an saka gutsattsarin biskit. Wanda gyaɗa ke sa masa borin jini ko kumburin maƙogwaro ya faɗa tun a fom, kuma in an ce ba za a ɗauke shi ba ya gode, don injin da ya haɗa wannan ƙila shi ya haɗa wancan. Haka wanda madara ke ɓata wa ciki. Kusan kashi biyu cikin uku na manya a duniya jikinsu ya rage iya narkar da sukarin madara, kuma kofi biyar a zama ɗaya ba wasa ba ne. Mai ciwon sukari ya tambayi likitansa. Askirim ɗin da ake cewa ba sukari ma da nasa zancen, domin abubuwan zaƙi irin su sobitol da maltitol suna sa gudawa in sun yi yawa.

Sai abin da ya shafi addini ko tsarin cin abincinka. Wani askirim ana saka masa jelatin, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabba. Sinadarin E471 da ke haɗa ruwa da maiƙo yana iya fitowa daga man tsiro ko kitsen dabba. Jan launi mai lamba E120 daga wani ƙwaro ake samunsa. Akwai nau'in da ake zuba wa barasa da gangan, kuma shi kansa ruwan fanila na asali, a dokar Amurka, sai ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin ɗari na alkohol, ko da yake ɗigo kaɗan ake zubawa. Hukuncin wannan naka ne, amma tambayar a yi ta tun a waya. Ba sai an ajiye maka tire za ka fara neman bayani ba.

Ranar gwaji

Shirin ba yawa. Ka ci abinci mara nauyi awa biyu ko makamancin haka kafin lokaci, domin mai jin yunwa komai daɗi yake masa, wanda ya ƙoshi kuwa komai gundura. Aƙalla awa guda kafin ka shiga, ka rabu da shan kofi, taba, cingam, alawar minti da abinci mai yaji. Kada ka goge baki dab da shiga: yawancin man goge baki na ɗauke da sinadarin kumfa da ke dushe jin zaƙi ya fito da ɗaci, shi ya sa ruwan lemo ke canza ɗanɗano bayan buroshi. Kada ka fesa turare ko ka shafa mai mai ƙamshi, don ba hancinka kaɗai zai dama ba har da na maƙwabcinka. In mura ta kama ka, kira ka ba da uzuri. Yawancin abin da muke kira ɗanɗano ƙamshi ne da ke hawa hanci ta bayan maƙogwaro, kuma mai toshewar hanci da ƙyar zai raba fanila da madara zalla.

Ka isa da wuri. A gwajin biskit ana iya yi maka haƙurin minti goma, a na askirim ba a yi. Ana ajiye shi a digiri 18 ƙasa da sifiri, sannan a sassauta shi zuwa wajen 12 ko 14 ƙasa da sifiri kafin a ba ka, kuma an lissafa wannan da agogo.

Za a ba ka takarda ka sa hannu. Karanta ta. Ɓangare ɗaya na amincewarka ne, inda aka bayyana abin da za ka sha da kuma 'yancinka na tashi duk lokacin da ka ga dama. Ɗaya ɓangaren na riƙe sirri ne: ba hoto, ba ba da labari a Facebook, ba fita da samfuri. Wani wurin ma ana karɓar waya a ƙofa.

A cikin rumfa

Galibi za a zaunar da kai a 'yar rumfa mai katanga hagu da dama, da allon kwamfuta ko takarda, da kofin ruwa, da biskit mara gishiri, da wata 'yar taga da ake turo tire ta ciki. Katangar tana nan ne don kada ka ga wani ya yamutsa fuska kai ma ka fara jin abin da ba ka ji ba. In ka ga an kunna jan fitila, ba lalacewa ta yi ba. So ake a ɓoye bambancin launi don ka yi hukunci da baki kawai.

Kowane kofi na ɗauke da lamba mai alƙaluma uku, kamar 472 ko 915. Lambar ba ta nufin komai. An guji A da B, ko 1 da 2, saboda mutane sukan fifita abin da ya yi kama da na ɗaya. Jerin da aka ba ka ma ba shi aka ba na kusa da kai ba. Kofin farko yakan samu maki fiye da haƙƙinsa, kuma kofin da ya biyo bayan mai daɗi sosai yakan sha ƙasa, don haka ake jujjuya jerin tsakanin mutane. Abin da ke kanka biyu ne: ka bi jerin yadda aka ce, yawanci daga hagu zuwa dama, kuma ka tabbata lambar kofin da ke hannunka ita ce a kan allo kafin ka danna komai. Mutum ɗaya da ya sauya kofi biyu ya ba wa wani askirim yabon da ba nasa ba.

Cokali na farko

A nan aikin yake. Fara da ido, amma a gaggauce. Launin ya yi kama da abin da aka ce shi ne, ko ya yi kama da fenti? Akwai ƙanƙara a sama? In da gutsattsarin cakulan ko 'ya'yan itace, sun watsu ko sun taru a gefe guda? Sannan ka lura da yadda cokali ke shiga, ko yana yanka shi da sauƙi ko yana farfashewa.

Ɗebi rabin cokali, kada ka cika. Ɗora shi a kan harshe ka bari ya fara narkewa, ka murza shi a hankali da ganɗa, ka bar shi ya zagaya baki, sannan ka fitar da numfashi ta hanci. Dalilin wannan jinkiri shi ne sanyi yana kashe jin zaƙi, yana kuma riƙe ƙamshi. Shi ya sa narkakken askirim ke yin zaƙi har ya ginshi mutum, alhali sukarin bai ƙaru ba. Wanda ya haɗiye nan take sanyi kawai ya ji. Wanda kuma ya tsaya dogon nazari har kofin ya zama ruwa, wani abu daban ya ɗanɗana, ba wanda za a sayar ba.

Abubuwan suna zuwa ne bi da bi. Da farko sanyi da yanayin jikinsa. Askirim mai kyau sulɓi gare shi, saboda ƙwayoyin ƙanƙarar da ke ciki ƙanana ne ƙwarai. Da zarar sun wuce wajen maikuromita 50, wato kashi ɗaya cikin ashirin na milimita, harshe zai fara jin su kamar tsaki. Akwai kuma wani yashi-yashi da ba ya narkewa da wuri ko bakin ya ɗumama, wannan sukarin madara ne ya daskare. In ka ji yana danƙo yana jan cokali, an cika masa abin kauri. In ka ji shi fayau kamar kumfa, ya ɓace ba ka san ka sha ba, iska ce ta yi yawa, domin askirim mai araha yana iya zama rabinsa iska, mai tsada kuwa iskarsa kaɗan ce, shi ya sa ya fi nauyi a cokali. Bayan haka zaƙi ya taso, sai ƙamshin abin da aka saka, sai maiƙo. A ƙarshe, bayan ka haɗiye, ka dakata daƙiƙa goma ko ashirin. Me ya rage a baki? Ƙamshi mai daɗi, ko ɗaci-ɗacin da wasu abubuwan zaƙi na zamani ke bari, ko ƙarnin ƙwai, ko maiƙon da ya manne a ganɗa ya ƙi tafiya? A ganina wannan saura shi ne ya fi yanke hukuncin ko mutum zai koma ya sake saye, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa don hannunsu ya riga ya kai ga kofi na gaba.

Ba a ce sai ka san sunan kowace matsala ba. Na faɗe su ne don in ka ji abu ka yarda cewa ka ji shi.

Cokali biyu ko uku sun isa, sai in an ce ka shanye. Tsakanin kofi da kofi ka gutsiri biskit, ka kurkure baki da ruwa, ka jira minti guda ko iya abin da allon ya ƙayyade. Ruwan ba mai sanyi ba ne da gangan, don ya dawo da ɗumin harshe. In ciwon kan nan na shan sanyi ya soke ka a goshi, danna harshe a ganɗa ko ka kurɓi ruwa, zai wuce cikin ɗan lokaci.

Amsa tambayoyi

Tambayar da za ka fi gani ita ce mai matakai 9, daga "na ƙi shi matuƙa" a 1 zuwa "na so shi matuƙa" a 9, da "ban so ba ban ƙi ba" a tsakiya. Asalinta daga rundunar sojan Amurka take: David Peryam da abokan aikinsa suka ƙirƙiro ta a wata cibiyar binciken abincin sojoji a Chicago, don a san abin da soja zai ci da abin da zai zubar, aka kuma wallafa ta a 1952. Har yau da ita ake aiki. Cutar da ke damunta ita ce kara. Mutum ya ga an karrama shi, an ba shi askirim kyauta, ga lada, sai ya ji nauyin ya danna 3. Sai ya yi ta raba 7 kamar sadaka. Wanda ke bayan taga ba shi ya haɗa askirim ɗin ba, ko da shi ne ma, gara ya ji daga bakinka yau da ya ji daga kasuwa bayan an buga kwali miliyan. In ka ƙi shi, danna ƙasa. In ya burge ka, kada ka yi rowar 9.

Ta biyu tana tambaya ne a kan abu guda guda, da matakai biyar: zaƙin ya yi kaɗan ƙwarai, ya ɗan yi kaɗan, ya yi daidai, ya ɗan yi yawa, ya yi yawa ƙwarai. A nan tsakiya ce mafi kyau, ba ƙarshe ba, kuma masu sauri sukan ruɗe su danna ta biyar suna zaton yabo ne. Wannan tambaya ita ke gaya wa mai haɗawa inda zai murɗa, ko ya rage sukari ko ya ƙara fanila.

Wani lokaci kuma kofi uku za a ba ka, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a ce ka fito da na daban. Ana yin haka in kamfani ya sauya wani abin haɗi yana son ya san ko za a lura. Ko ba ka ji bambanci ba dole ka zaɓi ɗaya, kuma ba laifi ba ne ka yi canke. An san canke kaɗai zai ba da daidai sau ɗaya cikin uku, lissafin ya riga ya cire wannan. Rashin jin bambancinka shi ma amsa ne, wataƙila ma ita kamfanin ke fata.

Inda aka bar maka fili ka rubuta ra'ayi, ka guji "yana da daɗi" da "ba laifi". Rubuta abin da ya faru a bakinka. "Zaƙin ya danne ƙamshin cakulan." "Gyaɗar ta jiƙe, ba ta ƙaras-ƙaras." "Ya narke kafin in kai cokali na uku." Jimla ɗaya irin wannan ta fi layi biyar na yabo. Kada kuma ka ɓata lokaci kana cankar wane kamfani ne. Da ka raya a ranka cewa na wane ne, ka koma ɗanɗana suna. Haka tambayar ko za ka saya: ka tuna da aljihunka na gaskiya da abin da ka saba ɗauka, ka amsa a kan haka.

In gida aka kawo maka

Akwai gwajin da ake ba ka roba guda ko biyu ka tafi da su, ka sha cikin 'yan kwanaki. Dalilinsa shi ne cokali biyu a rumfa ba ya nuna komai da komai. Coca-Cola ta koyi wannan a 1985: ta yi gwajin ɗanɗano da mutum kusan 200,000, sabon haɗin mai ƙarin zaƙi ya yi nasara, ta fito da shi a watan Afrilu, amma bayan kwana 79 dole ta dawo da tsohon. Dalilan suna da yawa, ciki har da shaƙuwar mutane da abin da suka saba, sai dai ɗaya daga cikin darussan da aka ɗauka shi ne abin da ya yi daɗi a kurɓi ɗaya yana iya gundurar mutum kafin ya kai ƙarshen kwalba. Askirim ma haka yake.

A gida, kai ne mai kula da sanyin. Saka shi a firiza nan take, can ciki, ba a jikin ƙofa ba. In ya narke ya sake daskarewa, ƙwayoyin ƙanƙarar za su girma, ya yi tsaki-tsaki, kuma laifin ba na kamfani ba ne. In wuta ta ɗauke ko ya narke a hanya, sanar da masu gwajin maimakon ka ba shi maki. Sha shi yadda ka saba da lokacin da ka saba, ka cika fom a take, kada ka bari sai daren ƙarshe ka zauna kana tuno na shekaranjiya. In 'yan gida sun taya ka sha, ra'ayinsu ba ya shiga takardarka sai in an tanadi gurbinsa.

Da ka gama, za a ba ka ladan da aka yi alkawari, kuɗi ko katin sayayya, wani wurin a take, wani bayan 'yan kwanaki. Ba za a gaya maka wane kofi ne ya yi nasara ba, kuma sharaɗin sirri yana nan a kanka bayan ka fita. Rubuta ranar da ka yi gwajin a wani wuri, don wurare da yawa ba sa sake ɗaukar mutum sai bayan wata uku zuwa shida, kuma ita ce tambayar da za a fara yi maka a gayyata ta gaba.